Kwana Huɗu a Dakoro Tare da Masu Awon Damtse

Watan Satumba ne, damina ta tsufa, gero ya fid da kai amma bai isa yanka ba. Na bar Katsina bayan sallar asuba, muka bi ta Jibiya, muka tsallaka iyaka a Magama, muka ratsa Ɗan Isa, kafin azahar muna Maraɗi. Can na kwana wurin dangi. Bashin zumunci ne ya fito da ni. 'Yar wan mahaifina, wadda aure ya kai Nijar tun ina 'yar makaranta, ma'aikaciyar jinya ce a Dakoro, a ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa. Duk sallah sai ta ce in zo, ni kuma in ce sai baɗi in Allah ya kai mu. Bana da ta ji na sake ɗauko zancen a bari sai rani, ta katse ni: "Ƙanwata, in aikinmu kike so ki gani, yanzu za ki zo. Da rani rabin gadajen babu kowa a kai."

Daga Maraɗi mota kan yi yamma zuwa Tibiri, garin Sarkin Gobir, sannan ta karya arewa. Tafiyar ta ɗara kilomita ɗari, ta Sabon Mashi da Kornaka. Gonakin hatsi, kamar yadda suke ce wa gero a can, sun rufe ido dama da hagu, wake na yaɗo a ƙarƙashi, gawo na tsaye babu ganye a tsakiyar gona, don shi da damina yake zubar da nasa. Baƙon da ya ga wannan kore zai rantse babu mai kwana da yunwa a ƙasar. Manomi kuwa ya san hatsin bara ya daɗe da ƙarewa a rumbu, na bana bai nuna ba, kuɗin tiya ya hau a kasuwa, ruwa ya kwanta a kowane kwari sauro ya samu wurin haihuwa. Yunwa da masassara tare suke sallama, kuma jikin yaro suke fara sauka.

Dakoro na zaune ne a inda noma ke miƙa wa kiwo hannu. Arewa da shi Kwarin Tarka yake, kuma tun 1961 dokar Nijar ta ja layi a wannan yanki, ta ce daga nan gona ta tsaya, abin da ke gaba na makiyaya ne. Layin yana nan a takarda, gonaki sun daɗe da haura shi. A tasha sai ka ji Hausa, ka juya ka ji Fillanci, ka ƙara juyawa ka ji Tamashek daga bakin mai rawani da raƙumi. Duk wanda zai yi aiki da iyayen yara a nan, da waɗannan harsuna uku zai yi shi.

A 2005 sunan garin ya fita duniya. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta sauka, shekara na juyowa hatsi ya yi tsadar da ta fi ƙarfin talaka. Ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, ta buɗe wurin jinyar yara a Dakoro a wannan shekara, kuma a faɗin Nijar ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani. Abin da ya ɗaure wa masu agaji kai shi ne yawan yaran da suka fito daga jihar Maraɗi, jihar da ake yi wa kallon rumbun ƙasa. Daga nan aka gane tamowa ba ta jiran shekarar fari, kowace damina tana nan, 2005 ƙarfi kawai ta ƙara mata. A 2008 gwamnati ta dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi. A 2009 waɗansu tsofaffin ma'aikatan MSF suka kafa ALIMA, da niyyar yin aiki kafaɗa da kafaɗa da ƙungiyoyin 'yan ƙasa. Abokiyar tafiyarta ta farko BEFEN ce, ƙungiyar 'yan Nijar mai kula da lafiyar mata da yara, wadda aka kafa a 2002. A Mirya ta jihar Damagaram suka fara, daga baya aikin ya iso Dakoro, cikin asibitin gwamnati da ƙananan asibitocin karkara.

Yaya ta nemo mini izini na raba dare da su a ɗakin, wanda ake kira CRENI. Nan ake kawo yaron da tamowa ta haɗe masa da wani ciwo, zawo ko masassara ko ciwon haƙarƙari, ko wanda ya daina karɓar abinci ɗungurungum. Kowane gado uwa ce da ɗanta a cikin gidan sauro. Na zaci likita zan fi kallo. Sai ga shi idona ya tsaya kan wata mata da ba ta allura, ba ta rubuta magani, aikinta haɗa madara. Madarar farko da ake ba irin waɗannan yara F-75 ake ce mata, tsararra ce, ana auna ta daidai da nauyin yaro, a ba shi bayan kowace awa uku, dare da rana. Uwar da ta yi doguwar tafiya da ɗa mai yunwa, in aka miƙo mata ɗan wannan kofi sai ranta ya ɓaci, ta ga kamar rowa ake yi mata. Na ji yadda matar ta warware wa wata: "Ɗiyata, wutar da ta kusa mutuwa gungume ake jibga mata ko ƙirare?" Uwar ta ce ƙirare. "To cikinsa haka yake. Bari ta kama tukuna." Maganar gaskiya ce, domin jikin da ya daɗe babu abinci, in aka cika shi lokaci guda zuciya na iya gazawa. Likita ya san wannan da Faransanci, ita ta san shi da harshen murhu, kuma nata ne ya sa uwar ta ɗauki kofin.

Ƙarfe uku na dare ta sake zagayawa. Ba ta ɗaga murya, sai ta taɓa ƙafar uwa ta ce lokacin madara ya yi. Mata ne da suka yi makonni ba su yi barcin kirki ba, waɗansu sai ta zauna a bakin gado ta riƙe musu kofin. Yaron da ba ya iya haɗiya ta robar hanci ake ba shi, kuma iyaye da yawa na tsoron robar nan, suna ganin alamar ajali ce. Aikin lallashi ya fi aikin haɗa madarar cin lokaci.

Da safe na zauna kusa da mai rubuta sunaye. Wata yarinya ta zo da jariri a goye, ba za ta kai shekara ashirin ba, wata tsohuwa na biye da ita. Ya tambayi sunan yaron, ta sunkuyar da kai. Bai maimaita ba, bai ɗaga ido ya kalle ta ba, ya juya wurin tsohuwar: "Inna, yaya sunan maigidan naki?" Tsohuwar ta yi dariya ta faɗa. Ɗan fari ne, uwar ba za ta kama sunansa a bainar jama'a ba. Wani zai ce ƙaramin abu ne. Ni da na taɓa tsayuwa a inda yarinyar nan ta tsaya, ban ɗauke shi ƙarami ba. Shekaru da suka wuce na kai ɗana na biyu wani asibiti, zawo ya zuƙe shi, ma'aikaciyar ta ɗaga hannunsa sama a gaban mata cike da ɗaki ta ce da ni, "Ke ba kya ba shi abinci ne?" Na karɓi maganin na fita, ranar da aka ce in dawo ban koma ba, kunya ta hana ni. Allah ya raya shi, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don na san abin da kunyar nan ta kusa jawo mini. Tun daga ranar na san cewa uwar da aka wulaƙanta a bakin ƙofa, ɗanta ne ke biyan kuɗin.

Akwai wata dattijuwa a wurin da ke jin Hausa da Fillanci da Tamashek. Da hantsi takan shimfiɗa tabarmi a inuwa, ta zazzage kayan wasa na gwangwani da murafen roba da ƙyalle, ta kira matan da 'ya'yansu suka fara farfaɗowa. Yaro mai tamowa ba ya wasa, ba ya kuka sosai, kallo kawai yake yi kamar tsoho mai tunani. Uwar ma takan daina yi masa magana, wata don gajiya, wata don ta fara cire rai. Dattijuwar kan sa su yi wa yaran tawai, su kira su da sunayen wasa, su miƙa musu abu su janye. Yaya ta ce mini su ma'aikata abin da suke jira shi ne ranar da yaro zai yi murmushi, don daga ranar sukan san ya juyo. Na ga wata Bafillatana da ɗiyarta ta kama ɗan gwangwani ta jijjiga. Matar ta rufe fuska da gefen zane ta daɗe ba ta buɗe ba.

Rana ta uku na bi ayarin da ke fita ƙauye. Mun bar kwalta ba da jimawa ba muka shiga rairayi, direban yana bin sawun amalanke, ya san inda ƙasa ke cin mota bayan ruwa. A ƙauyen maigari aka fara gaisarwa, aka sha hura, sannan aka koma gindin wata aduwa inda mata suka taru. Wanda ya tara su ɗan garin ne, ɗaya daga cikin 'yan sa-kai da ake ce wa rele. Manomi ne kamar kowa, ya baro gonarsa a ranar da ciyawa ba ta jira.

Abin da aka zo koyarwa wata 'yar igiyar roba ce, faɗinta kamar yatsa biyu, mai launi uku. Ana zagaya ta a tsakiyar damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a zura bakinta ta wata 'yar kafa, a duba launin da ya leƙo. Tsanwa, wato kore, yaro lafiya lau. Ruwan ɗorawa, daga milimita 115 zuwa 125, ya fara ramewa, a kai shi a duba. Ja, ƙasa da milimita 115, yau za a tafi, ba gobe ba. Sai gwaji na biyu: a danna bayan ƙafafuwan yaro duka biyu da babban yatsa, a ƙirga uku, a ɗaga. In rami ya zauna, kumburin tamowa ne, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba.

Shekara da shekaru wannan igiya a aljihun ma'aikaci take. Ana ganin matar da ba ta yi lakwal, wato boko, ba ba za ta iya ba. ALIMA da BEFEN suka gwada a Mirya tsakanin 2013 da 2014: a yankin Dogo aka koya wa iyaye sama da 12,000 awon, a yankin Takieta aka bar shi hannun 'yan sa-kai kamar yadda aka saba. Da aka kwatanta, iyaye ba su gaza ba ko kaɗan, yaran Dogo sun fi zuwa da wuri, kuma waɗanda aka kwantar a cikinsu sun fi ƙaranci. Dalilin a fili yake. Ma'aikaci sai wata-wata yake ganin yaro, uwa ita ke yi masa wanka kullum. Daga wannan gwaji dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har arewacin Najeriya. A ganina wannan shi ne mafi girman abin da ma'aikatan nan suka yi, sun ɗauki sirrin sana'arsu sun damƙa wa uwa, sun yarda ta riga su gani.

Na kalli yadda ake koyarwar. Malamar ba ta auna yaro ko ɗaya da hannunta ba. Ta miƙa wa kowace mace igiya, ta ce ta auna nata, sannan ta auna na maƙwabciya. Wata ta matse da yawa, aka yi dariya, aka gyara. Wata ta ga ja a hannun ɗanta, dandalin ya yi tsit. Malamar ta matsa kusa da ita ta ce, "Kin ga ke kika gano shi, ba ni ba. Da mu za ki koma."

Da aka zo zancen nono ne wuri ya ɗauki zafi. Malamar ta ce jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi, kuma dakashin farko, wanda waɗansu ke matsewa su zubar, shi ne riga-kafinsa na fari. Wata tsohuwa ta miƙe daga kan turmi ta ce ita ta haifi goma, duk da bauri da ruwa ta raine su, kuma a zafin Dakoro ko ɗan akuya ba a hana shi ruwa. Na zaci za a yi musu. Malamar ta ce, "Iya, kin fi ni sani, ke kika raini gari. A cikin goman nawa suka rayu?" Tsohuwar ta yi shiru, ta ce shida. Malamar ta yi wa huɗun addu'a, mata suka amsa da amin. Sannan a hankali ta ce nono mafi yawansa ruwa ne, mai tsabta, wanda Allah ya tace, na rijiya kuwa shi ke kawo zawo. In ana tsoron ƙishi, uwar za a ba ruwa da hura ta sha ta ƙoshi. Ta tuna musu cewa Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara biyu, don haka ko an yi kwanika kada a fizge yaro daga nono rana ɗaya a kai shi gidan kaka. Daga ƙarshe tsohuwar ta roƙa ta riƙe igiya ɗaya, ta riƙa auna jikokin gidan duk Juma'a. Tsohuwar ta karɓa ta ƙulle a bakin zane. Ban ce ta sauya ra'ayi a ranar ba. Amma malamar ta san abin da takardun tsare-tsare kan manta, cewa a gidan Bahaushe amarya ba ta yanke hukunci kan jariri, uwar miji ke yankewa.

Yaron da ya faɗa ja amma yana cin abinci ba a kwantar da shi. Ana ba uwar abincin magani na mako guda, ta riƙa dawowa awo a asibitin karkara. Plumpy'Nut ne sunansa, mata na ce masa biskit: gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, ƙunshi ɗaya giram 92, ba ya son dahuwa, ba a haɗa shi da ruwa. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, kuma tun 2005 kamfanin STA ke yin sa a Yamai. Kowa ya san wani lokaci ana raba shi da yayyen yaro, wani lokaci ma ya ɓulla a kasuwa. Na tambayi Yaya ko suna faɗa a kai. Ta ce suna nuna wa uwa magani ne, in an raba yaron ba zai tashi ba. "Amma ki gaya mini, uwar da yara huɗu ke kallon hannunta, ta ba ɗaya ta hana uku?" Ban da amsa, ita ma ba ta jira amsa ba.

Maza fa? A wannan rana wani ma'aikaci namiji ya zauna da su a ƙofar masallaci bayan azahar. Tun 2008 hukumar UNFPA ta fara abin da ake kira makarantar mazaje a jihar Damagaram, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti da tazarar haihuwa, kuma dabarar ta yaɗu zuwa sauran jihohi. Dole ta yaɗu. Mabuɗin rumbu a hannun namiji yake, izinin fita a bakinsa yake, kuɗin kabu-kabu a aljihunsa yake. Da yawa bayan girbi sukan tafi cin rani Najeriya ko Agadas ko Libiya, matar ta rage da ɗan abin da gamanarta, wato 'yar gonarta, ta ba ta. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce jinyar yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, sai dai hanya ba kyauta ba ce, kuma uwar da ta kwana goma a asibiti ta bar gona da sauran yara. Waɗansu matan daga asusunsu na Mata Masu Dubara suke ranto kuɗin mota, tsarin adashin da CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Ma'aikacin bai yi wa mazan wa'azi ba. Lissafi ya sa su yi da bakinsu: nawa ne kuɗin kai yaro asibitin karkara ranar da igiya ta nuna ɗorawa, nawa ne kuɗin kai shi Dakoro da dare bayan ya sanƙare. Wani dattijo ya ce na farkon kaza ce, na biyun akuya. Nan na ga kawuna na gyaɗawa.

Mun dawo da magariba, da matar nan da ɗanta a bayan mota. Direban ya rage gudu saboda su, ya ba ta ruwan gorarsa.

Daren ƙarshe muka zauna da Yaya a tsakar gida, ta cire takalmi, ƙafafunta sun kumbura da tsayuwa. Damuwarta ba gajiya ba ce. Mafi yawan kuɗin wannan aiki daga waje yake zuwa, kuma na waje ba shi da tabbas: bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakoki sun rufe wata da watanni, a 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, wadda a da take cikin manyan masu sayen abincin maganin tamowa a duniya. Ta ce igiyar tana sa uwa ta zo da wuri, amma in ta zo ta tarar babu abin ba ta, karo na biyu ba za ta zo ba.

Da wannan nake kira ga alhazan Maraɗi da na Katsina da Kano, waɗanda Allah ya buɗa wa: gyaɗar nan a ƙasarmu ake noma ta, yaran nan namu ne, a sa ɗakunan tamowa cikin lissafin zakka da sadaka kamar yadda ake sa masallaci da rijiya. Ke kuma 'yar uwa mai goyo, ki tambayi igiyar awon damtse a asibitin da ya fi kusa da ke, ki sa a nuna miki yadda ake zagaya ta, ki riƙa auna ɗanki kowane mako, musamman daga saukar damina zuwa kaka. In kin ga ja, ko kin danna ƙafa rami ya zauna, ki goya shi ki tafi a ranar.